Taswirar Sama Ba Ta Wuce Kwana 28

Duk wanda ya ɗan daɗe yana tuƙa jirgin sama a manhajar kwaikwayo ya san wannan matsala. Ka tsara hanyarka tsaf, ka fara shigar da sunayen zangunan da za ka bi cikin kwamfutar jirgin, sai ta ce ba ta san ɗaya daga cikinsu ba. Ko kuma ka kusa isa, jami'in hasumiya ya faɗa maka sunan hanyar da za ka bi ka shigo fili, ka duba jerin da ke gabanka sama da ƙasa, babu ita. Da yawa kan ɗora wa manhajar laifi, su ce ta lalace. Galibi lafiyarta ƙalau. Bayanan da ke cikinta ne suka tsufa, ko kuma aka cuɗa sabo da tsoho wuri guda.

Tambayar da masu wannan sha'awa suka fi yi wa juna ita ce ko dole ne mutum ya riƙa sabunta bayanan nan duk wata, alhali abin yana cin kuɗi. Amsa mai gamsarwa ba za ta samu ba sai an san daga ina bayanan suke fitowa, me ke sa su sauyawa, kuma a ina suke zaune cikin manhajar. Wanda ya san waɗannan uku zai yanke wa kansa hukunci ba tare da ya yi asarar kuɗinsa ko ya ɓata wa wasu wasa ba.

Alhamis ɗin kowane mako huɗu

Sararin sama yana da tituna da mararraba da ƙa'idar shiga da fita, ko da yake ido ba ya ganinsu. Kowace ƙasa ce ke tsara nata, ta wallafa a wani kundi da ake kira AIP. A Najeriya hukumar NAMA ce ke kula da sararin samaniya, wanda a taswirar jiragen duniya yake ɗauke da sunan Kano. A Nijar aikin yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a Dakar wadda aka kafa a 1959. Da a ce kowace ƙasa tana sauya nata ranar da ta ga dama, da matuƙin da ya taso daga Jidda zuwa Kano bai taɓa samun natsuwa da takardun da ke hannunsa ba.

Wannan ya sa ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama da ke Montreal a Kanada, ta tsayar da tsarin AIRAC tun 1964. Muhimmin sauyi ba ya fara aiki sai a wasu ranaku ƙayyadaddu, kwana 28 tsakanin kowace da mai bi mata, kuma kullum Alhamis ce. Ana son ƙasa ta fitar da sanarwa kwana 42 kafin ranar, domin ta isa hannun masu amfani da ita da sauran aƙalla kwana 28. Idan sauyin babba ne, a ba da kwana 56. Kowane zagaye yana da lamba huɗu, biyun farko na shekara, biyun ƙarshe na matsayinsa a shekarar. Zagaye na 2501 shi ne na farko a 2025, kuma ya fara aiki ranar 23 ga Janairu. Da yake 28 sau 13 kwana 364 ne, shekara takan ɗauki zagaye 13, amma jefi-jefi rarar kwanakin kan taru a samu 14, kamar yadda ya faru a 2020, inda na ƙarshe ya faɗo ranar 31 ga Disamba.

Me ake ta sauyawa haka?

Wani zai ce ai dutse ba ya tashi, filin jirgi ma ba ya ƙaura. Filin jirgi kam yana ƙaura. A watan Afrilun 2019 jiragen fasinja na Istanbul suka bar filin Atatürk suka koma sabon fili mai lamba LTFM. Wanda ke riƙe da bayanan 2017 ba zai samu wannan lamba a kwamfutar jirginsa ba ko da zai kwana yana nema. Haka a Berlin, an buɗe filin Brandenburg ranar 31 ga Oktoban 2020, bayan kamar mako guda kuma aka daina zirga-zirga a Tegel.

Ko titin da bai motsa ba, lambarsa tana iya sauyawa. Ana ba titin jirgi lamba ne bisa inda ya fuskanta a kamfas. Titin 06 na filin Malam Aminu Kano yana kallon wajen digiri 60, ɗaya bakin nasa kuma 24, wato wajen digiri 240. Shi kuwa kamfas arewar maganaɗisun ƙasa yake bi, ita kuma tafiya take yi, daga arewacin Kanada ta nufi Saberiya. Idan karkacewar ta taru, sai a goge lambar a rubuta wata. Filin Stansted na Landan ya mai da titinsa daga 05/23 zuwa 04/22 a 2009, filin Tampa na Amurka ma ya sake lambobin nasa a 2011. Ranar da lambar titi ta sauya, duk hanyoyin tashi da sauka masu ɗauke da ita sun sauya suna.

Babban sauyin wannan zamani kuwa shi ne ƙaura daga tashoshin rediyo na ƙasa zuwa tauraron ɗan adam. A da jirgi yana bin siginar VOR da NDB ne daga wannan tasha zuwa waccan. Yanzu ana kafa zango a sama da lissafi kawai, a ba shi suna mai harafi biyar, a jera hanya a kansa. Amurka ta daɗe tana kashe tashoshin VOR ɗinta da yawa, ta bar waɗanda za su isa a lallaɓa idan siginar tauraron ta ɗauke. Kowace tasha da aka kashe tana tafiya da hanyoyin da suka dogara da ita. Su ma hanyoyin fita daga fili da na shigowa, waɗanda matuƙa ke kira SID da STAR, suna da lamba a cikin sunansu wadda ake ƙarawa idan an yi musu gyara. Wadda take 3A a bara tana iya zama 4A bana, kuma bambancin yana iya kasancewa zango guda ko tsayin ƙafa dubu ɗaya.

Daga kundin gwamnati zuwa kwamfutar ɗaki

Kwamfutar jirgi ba ta karanta kundin ƙasa. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su tattara kundayen ƙasashe su mai da su yaren da na'ura ke ji. Manya a cikinsu su ne Jeppesen, da Lido na Lufthansa Systems, da Navblue na Airbus. Ƙa'idar da suke bi ita ce ARINC 424, wadda ta fara fitowa a 1975, inda kowane layi na bayani yake da gurbi 132. A cikinta aka kasa duk wani motsi da jirgi zai yi a hanya zuwa iri 23, kowanne da harafi biyu. TF na nufin miƙewa daga zango zuwa zango. CF na nufin bin wata fuska har a isa zango. RF kuwa lanƙwasa ce mai ƙayyadadden faɗi, irin wadda ake zagaye dutse da ita a shiga kwari.

Daga wannan rijiya masu kwaikwayo suke sha. Kamfanin Navigraph na ƙasar Suwidin yana ɗaukar bayanai da taswirorin Jeppesen ya tsara su yadda jiragen kwamfuta za su iya karantawa, ya sayar ga masu biyan kuɗin rajista. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya zo da bayanan Navblue a cikinsa. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana fitar da nata bayanan kyauta kowane zagaye, kuma manhajar kwaikwayo ta X-Plane tana iya loda su, sai dai ba su wuce yankin da Amurka ke kula da shi ba. Ke nan abin da ke cikin kwamfutar ɗalibin da ke ɗakinsa tushensa ɗaya da abin da ke cikin jirgin gaske. Inda suka rabu shi ne tantancewa. Bayanan jirgin gaske suna bin matakan bincike da hukuma ta amince da su kafin a loda su, na kwaikwayo kuwa ba a yi musu wannan ba, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a kansu cewa kada a tuƙa jirgin gaske da su.

Wuri uku, ba ɗaya ba

Nan ne rikicin yake, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓata kuɗi ba su ga biyan buƙata ba. Bayanan tuƙi suna zaune ne a wuri uku daban-daban.

Na farko shi ne duniyar manhajar kanta: shimfiɗar titi, lambar da aka rubuta a bakinsa, fitilu, da na'urorin rediyo da aka dasa a ƙasa. Na biyu shi ne kwamfutar jirgin. Jiragen da ake saye daban, irin Boeing na kamfanin PMDG ko Airbus na Fenix, kowanne yana iya zuwa da nasa rumbun bayanai, sabunta ɗaya kuma ba ya taɓa ɗayan. Na uku shi ne abin da ke wajen manhajar, wato shafin tsara hanya irin SimBrief da taswirar da matuƙi ke dubawa.

Masu amfani da Flight Simulator X sun fi kowa sanin zafin wannan. Manhajar ta fito a 2006, kuma tashoshin rediyonta da karkacewar kamfas ɗinta na wancan zamani ne. Mutum ya sabunta kwamfutar jirginsa zuwa zagayen wannan wata, kwamfutar ta kama sabuwar mitar ILS, wato siginar da ke jagorantar jirgi zuwa titi lokacin sauka, da kanta, amma na'urar da ke dashe a bakin titi tana nan tana watsa tsohuwar. Sai jirgi ya iso, allura ba ta motsa ba, matuƙi yana ta mamaki. Sabuntawar da ya yi ce ta jawo masa, domin kafin ya yi ta, komai tsoho ne kuma komai yana jituwa. Irin haka ne idan an tsara hanya da sabon zagaye aka loda ta a jirgi mai tsoho: zangon da babu shi zai bar giɓi a tsakiyar hanya, ko kuma kwamfutar ta ɗauko wani mai suna iri ɗaya a wata nahiya.

Akwai kuma matsalar da sabuntawa ba ta magancewa. Tsofaffin jiragen kwaikwayo da yawa ba a koya musu lanƙwasar RF ba. Ko an loda musu hanyar sauka irin ta Queenstown a New Zealand, mai bi ta tsakanin duwatsu, za su yanke kwana ne su miƙe. Bayanin daidai yake, jirgin ne bai iya karanta shi ba.

Minti goma kafin a taɓa ƙasa

A ce kana gangarowa wani fili cikin hazon Janairu irin na Kano ko Yamai, inda ƙasa ba ta bayyana sai ka kusa taka ta. Ga yadda mai kula yake yi.

Tun kafin ya kunna inji ya buɗe shafin IDENT a kwamfutar Boeing, ko shafin da ke nuna halin jirgi a Airbus, ya karanta ranakun farawa da ƙarewar zagayen da ke ciki, ya gwada su da kwanan watan taswirarsa. Kwamfutar jirgin gaske tana riƙe zagaye biyu, mai aiki da mai jiran gado, kuma wannan dubawa tana cikin ayyukan farko na matuƙi kowace safiya. Da ya kusa fara gangarowa sai ya zaɓi titi, ya zaɓi hanyar sauka. Idan akwai guda biyu iri ɗaya a titi guda, za a bambanta su da harafi, Z ko Y, kuma ba ɗaya suke ba. Sannan ya ɗora yatsa a kan taswira ya bi layi-layi: sunan kowane zango, fuskar da za a bi, nisan da ke tsakani, tsayin da ba a yarda a sauka ƙasa da shi ba. Ya duba mitar ILS, wadda ke tsakanin 108 da 112, da fuskar ƙarshe, da kusurwar gangara, wadda galibi digiri 3 ce.

Abu biyu ne aka fi tsallakewa. Na farko shi ne tsayin yanke shawara, wato inda matuƙi zai ce ya ga titi ko bai gani ba. A ILS mataki na ɗaya ba ya gaza ƙafa 200 sama da titi, amma ainihin lambar kowane fili tana kan taswira ne, matuƙi ke shigar da ita da hannunsa. Na biyu shi ne hanyar fasa sauka. Ita ce ake yawan gyarawa, ita ce kuma ba a cika karantawa ba, alhali ana buƙatarta ne a lokacin da babu sararin karatu. Haka giɓin da ke bayyana tsakanin hanyar shigowa da ta sauka: wani ana rufe shi, wani kuwa da gangan aka bar shi, domin a nan ne jami'in hasumiya zai karɓi jirgin ya riƙa ba shi fuska da baki. Mai goge kowane giɓi ido rufe zai tarar jirginsa ya juya inda ba a aike shi ba.

Abin da Cali da Erebus suka koyar

Wanda yake ganin wannan bin diddigi ya yi yawa ga wasa, ya tuna inda aka samo shi. Ranar 20 ga Disamban 1995 jirgin American Airlines mai lamba 965, ƙirar Boeing 757, yana gangarowa Cali a Kolombiya cikin dare. An ba matuƙan gajeriyar hanya, suka so nufar tashar Rozo, wadda taswira ta nuna da harafin R. Da aka buga R, kwamfutar ta kawo jerin tashoshi, aka zaɓi ta sama ba a duba ba. Tashar Romeo ce ta kusa da Bogota, domin Rozo an ajiye ta a rumbun da cikakken sunanta. Jirgin ya karkata daga kwarin, kafin a gyara ya bugi dutse kusa da Buga. Mutum 159 suka rasu, huɗu suka tsira.

Kafin wannan, ranar 28 ga Nuwamban 1979, jirgin Air New Zealand mai lamba 901 ya tafi yawon buɗe ido Antatika. An sauya lambobin wani zango a kwamfutar kamfanin sa'o'i kaɗan kafin tashi, ba a gaya wa matuƙan ba. Su suna ganin za su bi ta saman mashigin McMurdo ne kamar yadda aka nuna musu, ashe sabuwar hanyar ta ɗora su a kan dutsen Erebus. Duk mutum 257 da ke ciki suka rasu. Rahoton Mai Shari'a Peter Mahon na 1981 ya ɗora babban laifin a kan wannan sauyi da ba a sanar ba.

A duka biyun na'ura ta yi abin da aka ce ta yi. Abin da ke kan matuƙi da abin da ke cikin kwamfuta ne suka saɓa. Wannan saɓani shi ne dai wanda mai kwaikwayo ke haɗuwa da shi a ɗakinsa, sai dai shi yana da damar danna maɓalli ya sake daga farko.

To wa ya wajaba wa sabuntawa?

Mai tashi tare da jama'a a intanet, a dandalin VATSIM da aka kafa a 2001 ko IVAO na 1998, shi sabuntawa ta kama shi. A can mutane ne na gaske ke zaune a matsayin jami'an hasumiya, suna aiki da hanyoyin da ke aiki yau. Mai saye da mai sayarwa ba sa shiryawa idan kowa ya zo kasuwa da nasa mudu. Wanda bai samu halin sabuntawa ba, ya faɗi gaskiya tun da wuri cewa ba shi da hanyar da aka ba shi, ya nemi a riƙa ba shi fuska. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ya amsa, sannan ya bi wata hanya dabam ya ratsa gaban jiragen wasu.

Ɗalibin tuƙi ma, ko a kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964 yake ko a wani wuri, idan yana bitar darasi a gida, gara ya yi ta da hanyar da ke aiki. Hannu yana saurin sabawa, kuma tsohon tsayi ko tsohuwar fuska da ta zauna a kai tana da wuyar fita.

Mai tashi shi kaɗai don nishaɗi kuwa bai da dalilin matsa wa kansa. Kuɗin rajistar nan da kuɗin waje ake biyansa, kuma kowa ya san yadda hakan yake ga mai samun naira ko sefa. Zagaye ɗaya da aka loda a wurare ukun nan, tare da taswirorin lokacinsa, zai yi masa aiki shekara guda ko fiye. Ƙasashe da yawa suna sa kundinsu a intanet kyauta, har da ASECNA, don haka taswirar gwadawa ba ta gagara. Wani lokaci ma da tsohuwar zuma ake magani: filin Kai Tak na Hong Kong, wanda ake shiga titinsa na 13 da kwanar digiri 47 a tsakiyar dogayen gidaje, an rufe shi tun Yulin 1998, kuma mai son gwada wannan sauka ba zai same ta a kundin yau ba.

Kada kuma mai sabon zagaye ya ɗauka ya gama. Sauye-sauyen wucin gadi ba sa jiran Alhamis, ta sanarwar NOTAM suke zuwa. Lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida a 2017 don gyaran titi, jirage suka koma Kaduna, titin bai ɓace daga taswira ba. Wanda ya karanta sanarwa ne ya san ba a sauka a kansa.

Saboda haka shawarata ga mai wannan sha'awa ita ce ya sa tsarin hanyarsa da kwamfutar jirginsa da filin da zai sauka su zama a zagaye ɗaya, sabo ne ko tsoho. Idan zai shiga cikin jama'a ko yana shirin zama matuƙi, ya tabbatar zagayen na yau ne. Kuma ko wanne ya riƙe, kada ya danna maɓallin amincewa da hanya sai ya gwada ta da taswira zango bayan zango.